Yaya, Mai Neman Inda Wutar Take

Daga Allah muka zo, kuma ga shi ana ta kiranmu ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talata da hantsi aka kira Yaya, yayar marigayi maigidana, a ɗakinta da ke Obiagu cikin Inugu, ɗakin da ƙofarsa ke kallon tawa. Kafin la'asar an kai ta makwancinta. Ni ban iya riƙe alƙalami ba. Jikata ce ke rubutawa, ni ina faɗa, don kada ƙasa ta rufe matar nan ta haɗa da labarinta.

Mutane sun zo. Mahauta sun ciko mota daga Fatakwal, 'yan goro sun zo daga Anacha, tsofaffin direbobin da suka ci tuwonta tun suna da haƙora sun zo suna dogara sanda. 'Yan okada da baburansu suka toshe lungunmu har mai ruwa ya rasa ta inda zai tura kurarsa. Maƙwabciyarmu 'yar Ibo, wadda muke kira Mama, a kan kujera jikokinta suka ɗauko ta. Ta kama hannuna tana cewa, "Ndo, ndo," wato sannu da yarensu, sannan ta ce da Hausarta mai karkata, "Yanzu wa zai zage ni da safe?" Aka yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Kowa ya zauna sai ya ce, "Tsufa ne. Ta huta." Wata ta ce, "Ai wata biyar ke nan ba ta son magana, ta riga ta yi sallama da duniya." Ni kuwa ina gyaɗa kai, ina amsa gaisuwa, bakina a rufe. Ni na yi mata wanka. Na ga abin da ba su gani ba.

Bayan addu'ar uku na aika aka kira mini liman. Ya tsaya daga bakin ƙofa, ni ina ciki. Na ce, "Allah gafarta Malam, na san abin da mai wankan gawa ta gani ba ta faɗa. To idan abin da ta gani ba aibin mamaciya ba ne, aibin mai wankan ne fa?" Ya ce, "Hajiya, idan zai amfani masu rai, kuma ba tonon asirinta ba ne, ki faɗa. Amma ki fara da alherinta." To, da shi zan fara.

Yaya tana da wata ɗabi'a. Ba ta gaisawa da baki kaɗai. Kana cewa "lafiya lau" bayan hannunta ya riga ya sauka a wuyanka. Idan ta ga mutum ya yi sanyi, ya daina hira, ya bar abinci a kwano, ba ta tambayar wa ya ɓata masa rai. Sai ta ce, "Ina wutar take?" Ta sa ka buɗe baki ta duba haƙori, ta leƙa kunne, ta matsa ƙarƙashin haɓa, ta ce ka miƙo ƙafa. Takan ce jiki idan yana cin wuta a ɓoye, hayaƙin a zuciya yake taruwa. Direbobi suna tsokanarta, "Likitan tuwo, yau a ina za a yi mana allura?" Ta ce, "A bakin nan naka, shi ya fi kumbura."

Ni kuwa tun ranar da aka kawo ni gidansu take kirana Amarya. Na yi furfura, na yi jikoki, haƙorana suka zube, ina nan Amarya.

Da yaƙin basasa ya ƙare, mutanenmu da suka gudu Arewa suka fara komowa, Yaya na cikin na farko. Ta sauka Inugu da ƙunshin kaya ɗaya, ba ta sa rai za ta sami ko murfin tukunya ba. Sai ta tarar Mama ta kulle mata ɗakinta, tukwanenta na tuwo a kife a ƙarƙashin gado, har muciyarta tana nan. Amma Mama ɗin ba ita ba ce. Babban ɗanta ya tafi yaƙi bai dawo ba. Tana zaune a bakin ƙofa, ido a buɗe, ba ta ganin kowa. Yaya ta yi mata irin binciken nata tun daga ka har tafin ƙafa. Ba zafi, ba kumburi, ba ƙurji. Ta ce, "Wannan ba ta fata ba ce. Wannan sai zama." Kullum idan ta sauke tuwon rana sai ta ɗauki faifan wake ta je ta zauna kusa da ita tana tsinta. Ba ta ce mata ta yi haƙuri ba, ba ta ce mata komai ba. Ana nan, ana nan, damina ta wuce, wata ta zo. Ran nan Mama ta miƙa hannu cikin faifan ta ce, "Ke ba ki iya tsintar wake ba, duba tsakuwa." Tun daga ranar suke zagin juna kowace safiya.

Mu kuwa Fatakwal muka koma, don maigidana mahauci ne a kwatar Trans-Amadi. Lokacin arzikin mai ya buɗe. Kamfanoni suna ta tashi, kowane kamfani da ɗakin cin abincinsa, kowa nama yake nema. Shanu suna sauka daga Arewa, kafin azahar sun ƙare. Maigidana mutum ne mai fara'a, yana fiɗa yana waƙa, ya iya Turancin Burokan ya iya zolaya, matan kasuwa har layi suke yi a teburinsa. Ya sayo rediyo, ya sayo mini keken ɗinki. Muka ce wahala ta ƙare.

Sai mutumin nan ya fara yin shiru.

Da fari ya daina waƙa. Sannan ya daina kunna rediyo. Sannan ya fara dawowa tun kafin a gama yanka, ya kwanta ya juya fuska bango. In kai tuwo, in ɗauke tuwo. Lokacin ina goyon ɗiyata ta biyu, shimfiɗarmu daban kamar yadda aka saba, shi yana ɗakin waje. Idan na miƙa masa jaririyar sai ya dube ta kamar 'yar maƙwabta. Ran nan na ce, "Maigida, me na yi maka?" Ya ce, "Ba ki yi komai ba. Ni ne ba ni da amfani. Da ma ban dawo ba." Mutumin da ke sa kwata duka dariya, shi ne yake faɗin haka.

Kowa ya kawo nasa fassarar. Wasu suka ce abin da ya gani lokacin gudu ne ya dawo masa. Wasu suka ce mutanen ruwa ne, don kwatar tana bakin rafi. Wasu suka ce abokan sana'a ne suka yi masa jifa saboda kasuwarsa ta fi tasu. An yi rubutu ya sha, an yi hayaƙi, an yanka abin da aka ce a yanka. Wata uku, sai ƙara dusashewa yake. Daga ƙarshe sarkin fawa ya tara dattawa suka yanke cewa motar shanun da za ta koma Arewa ranar Juma'a ta tafi da shi, a kai shi wurin wani mai maganin taɓin hankali, inda ake sa wa mutane mari a ƙafa. Ni ma na yarda. Ku rubuta wannan: da hannuna na ninke masa rigunansa. Na ba wani direba saƙo ya gaya wa Yaya, ba don neman shawara ba, don dai kada ta ji a bakin duniya.

Ranar Alhamis da azahar sai ga ta, da garin tuwo a gefen zanenta, ko wanke hannu ba ta tsaya yi ba. Dattawa suna zaune a tsakar gida. Ta gaishe su gaisuwa cikakkiya, ta tambayi iyali, ta tambayi kasuwa, sannan ta wuce ɗakin ƙanenta. Ta ɗora bayan hannu a wuyansa. Ta ja numfashi ta hanci, sau ɗaya, sau biyu. Ta juyo ta dube ni.

"Amarya, tun yaushe yake da wannan ɗumin?"

Na ce, "Ba zazzaɓi ba ne, Yaya, ɗan ɗumi ne kawai, yana zuwa yana tafiya."

"Yaushe rabonki da ganin ƙafarsa?"

Na sunkuyar da kai.

Ta ce masa, "Naɗe wandon nan." Bai motsa ba. Ta ce, "Ni na goya ka, ni na wanke maka kashi, yau ni za ka ɓoye wa ƙwauri?" Ya ƙanƙame bakin wandon da hannu biyu. Wannan ne ƙarfi na farko da na ga ya yi cikin wata uku.

Sarkin fawa ya taso ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Baiwar Allah, a yi hankali. Gidanku gidan maganin ƙarfe ne, kowa ya sani. Wuƙa ba ta kama 'ya'yan mahaifinku. Kada ki kunyata shi a gaban mutane."

Gaskiya ne haka ake faɗa. Tun a Arewa an san zuriyarsu da cewa ƙarfe ba ya cin su, kuma da wannan sunan ake girmama maigidana a kwata.

Yaya ta miƙe. Ba ta da tsawo, amma ranar sai da sarkin fawa ya ja baya. Ta ce, "Ranka ya daɗe, mahaifinmu yana kabarinsa da tabon wuƙa har ban san iyaka ba. Ni nake narka kitse in zuba gishiri in ɗaure masa a bayan ɗaki, ya saki riga ya fita ana yi masa kirari. Maganin ƙarfen gidanmu ke nan: tsumma da rufin baki. Idan kun sa yaron nan a motar shanu, gawarsa za a sauke."

Sai na ji maigidana yana kuka, kuka irin na yara. Ya saki wandon.

Wuƙa ce ta zame masa yana fiɗar wani bijimi, ta shige ƙwaurinsa. Don kada a ce maganin gidansu ya karye, sai ya yi yadda ya ga ana yi: kitse da gishiri da tsumma. Bakin ciwon ya rufe, cikin yana ci. Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi tana sheƙi, kaluluwa ta fito masa kamar ƙwan kaza. Yaya ta ce, "Ga aljanin naku."

A ranar aka kai shi asibiti. Likita ya tsaga, abin da ya fito ba zan faɗa ba. Ya ce ya fara taɓa ƙashi. Aka yi ta allura, aka yi ta wanki, mako bayan mako. Yaya ta rufe tukunyar tuwonta ta zauna da mu. Kada ku zaci ranar da aka tsaga ya tashi yana dariya. Ƙafar ta riga zuciyar warkewa da nisa. Sai wata rana na kai masa tuwo da miyar kuka, ya kai loma ɗaya, ya yamutsa fuska ya ce, "Wa ya yi miyar nan? Daddawa ta ƙare a garin ne?" Na saki murfin kwano na fashe da kuka. Yaya ta ce, "Alhamdulillahi, rashin kunyarsa ta dawo." Motar shanu ta tafi ba da shi ba. Ya rayu ya aurar da 'ya'yansa, ya ga jikoki, yana ɗingishi yana waƙa. Duk wannan daga hannun Yaya, bayan ikon Allah.

Da ya rasu, na gama takaba, ta aiko: "Amarya, me kike jira a garin hayaƙi? Ga ɗaki." Na dawo Obiagu. Muka zama tsofaffi biyu ƙofa da ƙofa, muna raba goro ɗaya, muna gardama a kan wa ya fi wani mantuwa.

Yanzu na zo wurin da nake gudu.

Bayan ƙaramar sallah Yaya ta fara yin shiru. Ta daina fitowa zagin Mama. Ta daina tambayar wa ya haihu, wa ya yi tafiya. Ta juya fuska bango. In kai koko, in ɗauke koko. Ta fara sa safa cikin zafin nan, na ce sanyin tsufa ne. Ta hana ni taya ta alwala, sai ta tura ƙofa, na ce kunya ce. Ɗakinta kullum turaren wuta, safe da yamma, na ce son ƙamshi ne irin na manya. Ran nan ta ce mini, "Amarya, na zame miki kaya. Ba ni da amfani." Kalmar ƙanenta, ita ce dai, ba a canza ko harafi ba. Na ji ta da kunnena. Na ce, "Haba Yaya, daina faɗin haka," na gyara mata mayafi na fita.

Jikata, wannan mai rubutun, nas ce a Fatakwal. Takan kira ta ce, "Kaka, yaya jikin Yaya?" In ce, "Tsufa ne, 'yar nan." Sau nawa na faɗa, Allah ya sani.

Ranar Talata, da muka shimfiɗa ta, na zare safar ƙafar hagu. A ƙarƙashinta akwai tsumma. Na warware. Kitse da gishiri. Gyambo ne a dunduniya, ya ci ya yi zurfi, ƙafar ta kumbura har ƙwauri. Matar da ke zuba mini ruwa ta kau da kai. Ni kuwa na riƙe ƙafar nan da hannu biyu, na ce, "Yaya, ga wutar." Wata biyar tana ƙofa da ƙofa da ni. Ban ɗora bayan hannuna a wuyanta ba ko sau ɗaya.

Me ya sa ta ɓoye? Ban sani ba. Wataƙila tsoron a yanke ƙafar, don ta ga an yi wa wani a unguwa. Wataƙila abin gidansu ne, wanda ta tsaya ta karya a gaban dattawa, ashe yana nan kwance a cikinta.

Da jikata ta iso na ja ta ɗaki na gaya mata duka. Na ce, "Ke da kika yi karatu, gaya mini gaskiya. Ciwon ƙafa yana hana mutum son duniya, ko dai zancen Yaya ne kawai?"

Ta ce, "Kaka, a cikin jini akwai sojoji masu yaƙi da dattin ciwo. Idan suna yaƙi sukan aika saƙo ko'ina, har ƙwaƙwalwa. Ita ma ƙwaƙwalwa tana da nata 'yan gadi, ƙanana, ido ba ya ganinsu. Kullum aikinsu shara da gyara. Idan saƙon ya iso sai su tashi tsaye, mutum ya ji ba ya son abinci, ba ya son hira, sai kwanciya. Ba ki ga yadda mai zazzaɓi yake ba? Don jiki ya samu ya huta ne. Kwana kaɗan, ciwo ya warke, su koma shararsu. To idan ciwon ya ƙi ƙarewa, wata da watanni, su ma ba sa zama. Sai daɗin komai ya dushe, mutum ya fara ganin kansa ba shi da amfani. Shi ne ciwon damuwa, kuma ana maganinsa."

Na ce, "Kowane mai damuwa haka ne?"

Ta ce, "A'a. Wasu jikinsu ƙalau, ta wata hanya take zuwa musu. Amma akan duba."

Na ce, "Da na duba fa? Da ta sake zagin Mama?"

Yarinyar nan ba ta iya ƙarya ba, ta gado Yaya. Ta ce, "Ban sani ba, Kaka. Ta tsufa, kwananta kuma na Allah ne. Amma mai yiwuwa."

Mai yiwuwa. Da wannan kalmar nake kwana, da ita nake tashi.

Don haka na ce a rubuta. Ku mutanenmu na Inugu da Anacha da Fatakwal, idan naku ya yi shiru, ya bar abinci, ya juya bango, ku yi masa addu'a, amma kafin ku ce tsufa ne, kafin ku ce jifa ne, ku zare masa safa. Ku kai shi a duba. Ba nawa ba ne wannan, na Yaya ne, ni na karɓa na yar.

Bayan addu'ar bakwai baƙi suka watse, aka naɗe tabarmi. Ni ma sai na ga tuwo ba ya wuce mini. Na kwanta ina kallon bango. Jiya da hantsi na ji an turo ƙofa, sai na ji bayan hannu a wuyana, mai sanyi. Na zaci Yaya ce.

Jikata ce. Ta ce, "Kaka, ina wutar take?"

Na buɗe baki zan ce lafiyata ƙalau. Sai na tuna tsumman nan. Na tashi zaune, na zare safata da kaina, na miƙa mata ƙafafuna duka biyu. Ta duba tsakanin yatsu, ta duba dunduniya, ta leƙa bakina, ta matsa ƙarƙashin haɓata, ta sa abin awon zafin jiki a hammatata. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Babu komai, Kaka."

Na ce, "To wannan ba ta fata ba ce."

Ta fita, na ji tana buɗe buhu a madafa. Ta dawo da faifan wake, faifan Yaya mai ɗinkin leda a baki, ta zauna a gefen gadona ta fara tsinta. Ba ta iya ba, tsakuwa sai wucewa take. Ina gani, ban ce komai ba tukuna.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya sanyaya makwancinta kamar yadda ta sanyaya na wasu, Ya haɗa ta da ƙanenta inda babu ciwon da za a ɓoye. Ni kuma, Yaya, Amaryarki ce. Ki yafe mini.